Sarki Ya Gaishe Ku: Tarihin Shela da Talla a Ƙasar Burumburum

Burumburum ta shiga littattafan tarihi ne ta dalilin gudun wani sarki. A 1807, bayan masu jihadi sun karya rundunar Kano a Ɗan Yaya, Sarkin Kano Muhammadu Alwali ya bar birni ya yi kudu yana neman mafaka, har ƙafa ta kawo shi wannan gari. A nan aka ritsa shi, a nan kuma sarautar Haɓe ta Kano ta ƙare. Manomin da ke gindin duwatsun Riruwai da falken da ya sauka a zangon Bebeji duk sun ji labarin, kuma baki ne ya kai musu shi. Da ƙura ta lafa, abin da ya fi damun sababbin masu mulki shi ne a san da zamansu: a tura jakadu garuruwa, a tsaya a kasuwa a faɗi sunan wanda yanzu ake bi, a gaya wa talaka inda zai kai zakkarsa.

Aikin da yau ake kira hulɗa da jama'a, wanda ake karantawa a jami'a, ake buɗe wa ofis, ake ɗaukar matasa masu manyan wayoyi dominsa, tsohuwar sana'a ce a wannan yanki na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kayan aikin sun sauya sau da yawa cikin shekara 200. Abubuwa uku ne suka tsaya a inda suke: mai saƙon da ke biya, mai bakin da jama'a suka sani, da wurin da mutane ke taruwa. Gwamnati ko kamfani ko ɗan siyasar da ya raina na tsakiyan nan, ya sha wuya kafin ya gane.

Masu baki

A fada aka fi tsara abin. Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa wa sarki kakaki, kuma shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Su biyun tafiyarsu ɗaya: kakaki na sanar da fitowar sarki, kasuwa na tara waɗanda za a gaya wa abin da ya ce. Kowane sauti da mai shi. Tambari na sarauta ne, ba a kaɗa wa kowa. Kuge da gangami na kiran maza ne idan an hango ƙurar mahara, kuma kudancin Kano ya san wannan kiɗa sarai, domin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun sha kawo hari garuruwan wannan iyaka.

Sai dai ganga ba ta yin bayani dalla-dalla. Wannan aikin sankira ne, ko mai shela kamar yadda aka fi kiransa a ƙauye. Yakan fito bayan magariba, lokacin da maza suka dawo daga gona mata kuma suna tsakar gida, ko ya bari sai ranar kasuwa ta cika ta batse. Zai tsaya a mararraba ya ɗaga murya da gaisuwar sarki ko ta dagaci, sannan ya zubo saƙon: lokacin haraji ya yi, gobe akwai gayyar gyaran hanya, damina ta sauka kowa ya ɗaure dabbarsa, an ga wata. Cigiya ma tasa ce. Yaro ya ɓata, ko jaki ya tsinke, shi zai zaga yana faɗin kamanni. Zai maimaita a kowace unguwa da kalmomi iri ɗaya, don kada saƙon ya sauya kama a hanya. Ƙarfinsa duka yana cikin abu guda: kowa ya san shi, ya san gidansu, ya san wanda ya aiko shi. In ya yi ƙarya, gobe za a haɗu a masallaci.

Kusa da shi akwai maroƙi, wanda hajarsa suna ce. Masanin zamantakewa M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga nazari a 1957 a kan roƙo, inda ya nuna cewa maroƙa ne ke bayyana wa jama'a matsayin kowa: asalinsa, dukiyarsa, da girman hannunsa. Ka ba maroƙi kyauta a taro, zai shelanta ta, sau da yawa ya ƙara mata kauri. Ka hana shi, akwai zambo da habaici suna jiranka. Attajiri na biyan kuɗin yabo, yana kuma biyan kuɗin shiru. A wurin ɗaurin aure, maroƙi ne ke sanar da waɗanda ke waje cewa an ɗaura, a kan sadaki kaza. Ranar suna, daga bakin liman sai nasa, shi zai kai sunan jariri har cikin gida, inda zabiya ke riƙe da ɓangaren mata.

Sana'o'i ma kowace da muryarta. Jin kalangu daga rumfar mahauta ya isa a san an yi yanka. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta sarkin noma da 'yan gayyarsa. Mai magani a kasuwa ya daɗe da sanin cewa sai an tara mutane ake ciniki, shi ya sa yake zuwa da gardi da kura ko maciji. Idan da'ira ta kewaye shi, sai ya kwance ƙunshin sassaƙe. Ɗan koli na da kirarin kayansa. Matar da ke kulle kuwa, wadda ke soya ƙuli-ƙuli ko dafa dambu a bayan katanga, 'yarta mai talla ce bakinta da ƙafarta. Yarinyar ba kaya kaɗai take ɗauka ba, tana shiga gida-gida da labarin wanda ya haihu da wanda ya sauke sabuwar atamfa.

Bebeji ta ga wani nau'in. Gari ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, kuma Baturen nan Hugh Clapperton da ya ratsa ta a 1826 ya same ta babban gari mai ganuwa da hada-hada. A irin wannan zango, baƙon falke ba ya tallan kansa. Fatoma ne ke saukar da shi, dillali ya tsaya masa, su ne za su ce wa mai saye, "Na san shi, kayansa na ƙwarai ne." La'adar da dillali ke karɓa kuɗin wannan shaida ce.

Taro kuma ba ya haɗa kansa. Kafin kalankuwa ko damben kaka, sai an aika goron gayyata garuruwan maƙwabta, an shirya masaukin baƙi, an nemi izinin dagaci, an yi jinga da makaɗa. Wanda ya karɓi goro ya ɗauki alkawari. Hawan salla shi ne babban misali: kowane hakimi na shiga da dawakinsa da makaɗansa da 'yan kwalliyarsa, jama'a na ƙirga yawan mutanensa da ido, sarki ma yana ƙirgawa.

Takarda, gyaɗa da majigi

Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fara fasa ƙofar Bebeji ne kafin ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Turawan sun zo da bindiga, amma ba su da bakin yi wa talaka magana, don haka suka riƙe tsohuwar sarƙa suka ƙara mata ƙarfi. Wajen 1907 zuwa 1908 aka umarci hakimai su bar birni su koma zama a gundumominsu. Daga nan saƙo ya sami tabbatacciyar hanya: Razdan zuwa sarki, sarki zuwa hakimi, hakimi zuwa dagaci, dagaci zuwa mai unguwa, shi kuma ya kira mai shela.

'Yan kasuwa ne suka fara nuna abin da wannan sarƙa za ta iya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa na sa ran auduga, sai attajiran goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka karɓi kuɗin kamfanoni, suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami, suna bi ta hannun masu gari suna cewa a shuka gyaɗa, akwai mai saye. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912. A 1913 ta haura tan 19,000, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Babu jarida a cikin wannan aiki, babu allon talla. Mutanen da manomi ya sani ne suka zo masa da kyauta a hannu da farashi a baki.

Jarida ta zo daga baya, ita ma jita-jita ce ta taimaka wajen haihuwarta. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, magana ta bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Jamus. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na edita. Masu karatun boko a karkara ba su da yawa, amma kofi ɗaya kan wadatar da dandali guda: malamin makaranta ko malamin haraji zai karanta da ƙarfi, saura su saurara, gobe su kai kasuwa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta NORLA ta ƙara da ƙananan jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, don wanda ya gama ajin manya ya sami abin karantawa game da ƙasarsu.

Abin da ya fi shiga ran mutanen ƙauye shi ne majigi. Mota ce ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, ta sauka a ƙofar gidan hakimi ko dagaci. Tun da rana mai shela ya zaga, kafin isha fili ya cika. Za a nuna labaran gwamnati, a nuna yadda ake tsabtace rijiya ko feshin auduga, a saka wasan ban dariya a tsakani don kada a watse. Fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman auduga, ya yi suna har mutane suka riƙa kiran jaruminsa da sunan. A gefen majigin akwai mai fassara riƙe da lasifika, kuma dare kan yi armashi ne gwargwadon iya bakinsa. Kamfanonin sabulu da na shayi da na maganin ciwon kai sun ga haka, su ma suka sayi motocinsu.

Tauraro, fartanya da akwatin rediyo

Siyasa ce ta fara raba muryar gari biyu. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta tarar mai shela da filin kasuwa da izinin taro duk suna hannun En'e, En'e kuma daga baya ta goyi bayan jam'iyyar NPC. Lacca sai da takardar izini, kuma ana iya hanawa. 'Yan Sawaba, wato magoya bayan NEPU, suka nemi wasu ƙofofin: teloli da 'yan koli da direbobi masu yawon kasuwanni, da waƙoƙin marubuta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, waɗanda ake haddacewa a rera inda ɗan doka ba ya ji. Ga mai zaɓen da bai iya karatu ba, alama ita ce suna: tauraro na NEPU, fartanya ta NPC. A jamhuriya ta biyu aka sake zubi, mabuɗi na PRP, gida da masara na NPN. Motar Landiroba mai lasifika a ka ta zama sabon sankira, sai dai wannan karon kowace jam'iyya da nata.

Rediyon waya da aka kafa a Kano a 1944 bai wuce birni ba. Ƙaramin akwati mai batir ne ya kai rediyo gona da rugar Fulani a bakin dajin Falgore. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, kuma nan da nan mutanen karkara suka gano cewa akwatin ba na saurare ba ne kaɗai. Mutum zai sayi katin zaɓe, ya jera sunayen abokai da na budurwa, ya aika Kaduna, ya zauna jiran ranar da za a ambaci sunansa da na ƙauyensu duk Arewa na ji. Ƙungiyoyin masu sauraro suka kafu, suna ziyartar juna, suna shirya taruka. Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da cigiya duk suka sami gurbi a rediyo, da kuɗinsu a ƙayyade.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a farkon shekarun 1970. Aiki ne da ya tashi ƙauyuka, kuma gaya wa mutum ya bar gidan kakanninsa saboda ruwan da bai gani ba tukuna ya fi ƙarfin takarda. Hakimai da dagatai ne suka sha zaman. A tsakanin nan Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo a Janairun 1973, duka biyun da taimakon mawaƙa da rediyo da motocin ma'aikatar yaɗa labarai.

Abubakar Rimi, da ya zama gwamnan Kano a 1979, ya fahimci cewa gwamnan da ba shi da bakin kansa, abokan hamayya ne za su ba da labarinsa. Ya kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, don almajiri da malamin zaure su ma su karanta. Ya kafa gidan talabijin na CTV. A ɓangaren noma kuma, hukumar KNARDA ta baza malaman gona a kan babura, sannan shirin Sasakawa da ya shigo Nijeriya a 1992 ya yaɗa dabarar gonar gwaji: a zaɓi manomi sananne a bakin hanya, a shuka masara da sabon iri da taki a kan ƙa'ida, ranar girbi a tara jama'a a auna buhuna a gabansu. A ƙasar masara irin Doguwa da Tudun Wada, wannan ya fi kowace lacca, don mai gonar maƙwabci ne, kuma an ga gonar tun tana tsiro.

Darasin shan inna

Babu abin da ya gwada wannan tsari kamar rigakafin shan inna. A 2003, magana ta yaɗu cewa an gurɓata maganin don hana haihuwa, gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai a Yulin 2004. Hukumomin duniya na da kuɗi da fastoci da tallace-tallacen rediyo, amma uwa a Yaryasa ko Ɗariya ba ta san su ba. Ta san malamin da ya ce a yi hattara, ta kuma ji labarin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996. Ko bayan an ɗage dakatarwar, ƙofofi da yawa sun ci gaba da zama a rufe, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da a da suka rabu da ita.

Abin da ya juya lamarin shi ne komawa ga tsohuwar sarƙa. Sarkin Kano Ado Bayero ya fito bainar jama'a ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni alhakin gidajen da suka ƙi. Aka sa masu shela cikin ma'aikatan kowane zagaye, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida da wuraren suna, aka haɗa da waɗanda cutar ta nakasa suna magana da bakinsu. Har majigi aka farfaɗo da shi, ana nuna wa iyaye yadda cutar ke kama yaro. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada, a Yulin 2014. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Waya a hannun kowa

Layukan wayar salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001, gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a ƙarshen 2003, kuma haɗuwar su biyun ta haifi sabon mai baki. Sojojin baka, kamar yadda Kanawa suka raɗa musu, mutane ne da ake saya musu fili a rediyo su yabi ubangidansu su caccaki abokin hamayyarsa. Duk wanda ya san roƙo ya gane sana'ar: yabo ga mai bayarwa, habaici ga mai hanawa, da sauya sheƙa idan hannu ya bushe. Alama ma ta dawo da ƙarfinta. Jar hular Kwankwasiyya ta mai da kan kowane mabiyi allon talla, waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara kuma suka yi wa APC a zaɓen 2015 aikin da lacca ɗari ba za ta yi ba, suna yawo daga waya zuwa waya a shagunan masu caji da tura waƙa.

Da Facebook da WhatsApp suka iso, abin da ya buɗe musu ƙauye shi ne saƙon murya. Wanda bai yi boko ba yana iya danna waya ya yi magana, ya saurari amsa. Dillalin hatsi na jin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota a Kwanar Ɗangora. Katin gayyata, wanda ya gaji goro da alawa, ya koma hoto da ake turawa zaure-zaure. Cigiyar yaro na zuwa da hotonsa. Matar da kakarta ke aika 'yar talla, yau tana ɗora hoton atamfa da turaren wuta da cincin a waya, a yi ciniki, a turo kuɗi ta banki, ɗan acaɓa ya kai kaya, ba ta taka ƙofar gida ba. Kusan kowane gari na da zaurensa na 'yan asalin wurin, inda ake tara kuɗin gyaran masallaci ko rijiyar burtsatse, ake kuma matsa wa kansila.

Taron siyasa ya sauya manufa. A mazaɓun tarayya biyu na yankin, Kiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran sassan jihar, rabon babura ko kekunan ɗinki ko takin zamani yana da masu kallo iri biyu: waɗanda ke filin, da dubban da za su gani a waya kafin dare. Shi ya sa ake jera kayan yadda za su cika hoto, ake ɗinka anko, ake tanadar mai gabatarwa da ya iya kirari. Matasan da ke ɗauka suna watsawa, waɗanda ake kira 'yan soshiyal midiya, sun fara ne da kuɗin data, yanzu wasunsu na da takardar naɗi. A Satumban 2023 gwamnatin Kano ta naɗa fiye da 40 daga cikinsu muƙaman masu ba da rahoto na musamman.

Abin da waya ta zo da shi sabo shi ne saƙo marar fuska. A Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, wani saƙo ya zaga ƙasar cikin dare ɗaya yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwana suna tashin 'yan uwa, wasu sun ƙare a asibiti, an kuma sami rasa rai, ba tare da yawancin masu turawa sun san daga inda maganar ta fito ba. Hukuma kan mai da martani da abin da ta saba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara saboda ɓata sunan gwamna, hukuncin da ya jawo suka daga masu kare haƙƙin faɗin albarkacin baki.

Manyan hukumomi kuwa, duk da shafukansu na intanet, har yanzu sai sun sauko ƙasa. Da Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022, sanarwar ta cika rediyo da waya, amma da wa'adin 31 ga Janairu 2023 ya matso, jami'ansa sai ga su a fadojin sarakuna da tsakiyar kasuwanni da lasifika, suna roƙon mutanen karkara su fito da tsofaffin kuɗi. Da cutar mashaƙo ta yi ƙamari a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma hanyar da aka bi ta kai rigakafi ita ce wadda shan inna ya shimfiɗa. Takarda kan fito daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma zuwa ga hakimi, ta gangara wurin dagaci da masu unguwanni, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, mai shela ya zaga da ƙaramar lasifika mai batir yana ambaton rana da wurin da ma'aikata za su zauna. Sau da yawa wani yaro na biye da shi yana naɗar muryar a waya, ya tura zauren garin, don 'yan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal su kira gida su ce a kai yaran.